Rabon da ake ɗorawa a sikeli

Abin nan da kafinta ke gogar katako da shi har ya yi sumul, a nan Garwa, arewacin Kamaru, "rabo" muke ce masa. Daga bakin Faransawa sunan ya fito, amma da ya faɗo bakin Hausawa sai ya zauna daram kamar daman namu ne. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya haura shekara arba'in yana kafinta a wata rumfa cikin Hausare. In wani yaro ya zo neman aron nasa, sai ya ɗago kai ya ce, "Kai, ina ka taɓa jin an ba da aron rabo?" A yi dariya, yaro ya koma hannu biyu.

Ranar da aka zauna rabon gadonsa ina wurin. Yana da shanu biyu da ya ba wani Bafulatani kiwo a bayan Pitowa. Ba wanda ya yarda a yanka musu kuɗi da ka. Sai da aka kira dillali daga tike, ya buɗe bakin kowace ya duba haƙora, ya shafa tozo, ya faɗi abin da ya gani, sannan aka kira wani ya tabbatar. Gidan ma haka aka yi, da magini da jauro, wato mai unguwa. Hatta rediyonsa sai da aka kunna aka ji tana magana kafin a sa mata farashi. Da aka zo kan akwatin aikinsa, wani dogon akwatin maɗaci da gara ta fara ci ta ƙasa, sai ɗaya daga cikin manya ya ɗaga murfin, ya leƙa, ya ga tsatsa, ya ce, "Wannan ai tarkace ne, a kira yaran feray." Feray, ga waɗanda ba 'yan nan ba, shi ne jari-bola. Kafin la'asar wani yaro ya iso da amalanke da sikelin ratayawa. Kilo talatin da ɗaya. Aka juye ƙarafan a buhu, akwatin kuma aka bar wa mata su faskara. Abin da yaron ya ƙirgo bai kai kuɗin cefanen da aka yi wa baƙi a ranar ba.

Ban ce uffan ba. Ni ɗan 'yar'uwa ne, ba ni da ko dala a gadon, kuma na ji tsoron a ce na sa ido a kayan marayu. Shirun nan ya daɗe yana ci na, shi ya sa yau nake so in faɗi abin da ya kamata in faɗa a tsakar gidan: kayan aikin mai sana'a ba a auna su a sikeli. Dukiya ce da ake yi wa kuɗi ɗaya bayan ɗaya, ta bakin wanda ya san ta, kamar saniya. Duk zaman gadon da ya tura akwatin kafinta ko na makaniki ko na maƙeri wurin mai feray ba tare da masani ya duba ba, ya cuci magada, ya kuma cuci wani yaro a unguwa da ya iya aiki amma ba shi da abin yi.

Mutane da yawa ba su san abin da ke kwance cikin irin waɗannan akwatuna ba. Garwa gari ne na bakin kogi. Zamanin da jiragen ruwa ke hawo Binuwai da damina, in ruwa ya cika, kayan Ingila suna shigowa ta Yola, na Faransa kuma suna haurowa daga Duwala, balle da jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974. Kantunan Turawa, da garejin gwamnati, da makarantun mishan, duk sun bar kayan aiki a hannun mutanenmu. Ka ɗauki bakin tsohon rabo na itace ka goge tsatsar, sau da yawa za ka ga zaki a jiki. Zakin Peugeot ne, wanda muka sani a goshin 504. Gidan Peugeot da ƙarfe suka fara a 1810, a gabashin Faransa, suna yin zarto da makamantansa, kuma a 1858 suka yi wa zakin rajista a matsayin tambarin kayansu, kimanin shekara talatin kafin su ƙera mota. Za ka ga sufanun Facom, kamfanin da aka kafa a Faris a 1918. Za ka ga rabon ƙarfe na Stanley, na Amurka ko na masana'antarsu da ke Sheffield tun 1937, da shuɗin nan na Record, shi ma ɗan Sheffield. A gefe guda kuma ga namu na gida, gizago da kurfi da awartaki da masaba, waɗanda maƙeran garin nan suka buga daga sifirin mota.

Abin ya fara sauyawa ne a Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi. Kayan Faransa suka ninka kuɗi dare ɗaya. Sannu a hankali kayan Sin suka cika kasuwa, masu sheƙi, masu araha. Yaran da suka tashi bayan nan sun saba ganin kayan aiki a matsayin abin da ake saya, ya karye, a yar, a sayi wani. To wanda ya tashi a haka, in ya ga ƙarfe ya yi ja, me zai kira shi in ba tarkace ba?

Shekaru bayan rasuwar Kawu na fara wata ɗabi'a da matata ke kira ciwo. Duk Asabar in na tashi daga makaranta, sai in bi ta wani filin feray a hanyar Gashiga in tsaya ina tona tarin ƙarfe da sanda. Kawu yana ɗiga wa ƙotar kayansa alama uku da ƙusa mai zafi, su nake nema, ko da yake na san tuni an loda su a tirela an kai Duwala an narka, sun zama rodi cikin ginin wani. Ban taɓa samun ko ɗaya ba. Amma wata rana na ci karo da akwatin wani bawan Allah, ko juye shi ba a yi ba.

"Malam, me za ka yi da wannan mushen?" in ji mai filin.

"Alhaji, sayar mini za ka yi."

Ya dube ni, ya dubi akwatin, ya gane ina so, ya ɗora wani abu a kan kuɗin kilo. Ban yi ciniki ba. A ciki akwai rabon Stanley mai lamba 4 da mariƙinsa na baya ya karye, da rabon itace mai bakin Peugeot, da cizal uku, da zarto, da abin huda katako na juyawa da hannu, da sufana biyar. Rabon Stanley mai lamba 4 bai cika kilo biyu ba. A farashin sikeli, kuɗinsa bai kai na hawan mashin daga babbar kasuwa zuwa gidana ba.

Ga yadda na tashe shi, don mai karatu ya ga ba wani sihiri a ciki. Na kwance shi gaba ɗaya, na zuba ƙananan kusoshinsa a gwangwanin madara don kada ɗaya ya ɓata, waɗanda suka cije kuma na ɗiga musu kananzir na bar su kwana biyu. Na jiƙa tsamiya mai kauri a roba, irin wadda za a yi kunu da ita, na nutsa ƙarafan suka kwana. Da safe ruwan ya yi baƙi, tsatsar ta yi laushi, soson waya kawai na sa ta bi ruwa. Tsami yana cin tsatsa, amma in ka bar shi ya daɗe zai ci ƙarfen ma, don haka na ɗauraye su da ruwan kanwa ya kashe tsamin, na shanya a kan kwano. Ranar Garwa a watan Maris ba ta buƙatar taimako. Suna bushewa na shafe su da mai nan take, domin ƙarfen da aka wanke da tsami kafin ka juya baya ya sake yin ja. Ƙasan rabon kuwa na zana masa layuka da alƙalami, na shimfiɗa sanfefa a kan gilashin taga, na yi ta gogawa har layukan suka ɓace gaba ɗaya, alamar ya kwanta daidai. Mariƙi na sassaƙa da itacen aduwa, irin wanda ake yin allo da shi, na shafa masa man kaɗanya.

A wurin wasawa na yi ɓarna. Gaggawa ta sa na kai ɗaya daga cikin cizal ɗin wurin mai wasa wuƙa da inji. Ya danna shi a dutse, tartsatsi na tashi, ina ta murna, sai na ga bakin ya rine ya koma shuɗi. Na kai wa wani tsohon maƙeri da ke bayan kasuwa. Ya juya shi a hannu, ya ja tsaki.

"Ɗana, wa ya yi maka wannan aikin?"

"Baba, ni na kai."

"Wanda ya ƙera wannan ya ba shi ruwa daidai. Kai ka zo rana ɗaya ka zare masa. Duk inda ka ga shuɗin nan ya mutu, ba zai sake riƙe kaifi ba."

Ya nuna mini yadda zan cinye wurin da ya ƙone a hankali, ina tsomawa a ruwa kafin ya yi zafin da yatsa ba zai jure ba. Sannan ya ɗauki bakin rabon Peugeot ɗin ya nuna mini wani siririn layi kusa da kaifin. Ashe ƙarfe biyu ne aka haɗa a wuta, mai tauri a baki, mai laushi a jiki, don ya yi kaifi kuma ya yi sauƙin wasawa. Ya ce rabonsa da ganin irin wannan haɗin tun yana saurayi. Sauran duk da hannu na wasa su, a dutse, da ruwa, har bayan bakin ya zama madubi.

Ranar da na ɗora rabon a kan guntun katakon ayus na tura, wani sauti ya fita, shuuu, ɓawon katakon ya naɗo ta sama kamar ɓawon albasa, ana ganin haske ta cikinsa. Na tsaya na daɗe ina kallonsa. Abin da aka yi wa kuɗin kilo ke nan.

Zarton ya fi ba ni haushi. Yawancin sababbin zartunan da ke kasuwa yanzu, masu baƙin haƙori, an ƙona haƙoransu sun yi taurin da magagari ba ya kama su. In sun dakushe sun gama, sai bola. Tsohon zarto kuwa da magagari mai kusurwa uku da rabin awa za ka mayar da shi sabo, kuma za ka yi ta yin haka har faɗinsa ya ƙare, abin da ba zai faru a rayuwar mutum ɗaya ba. Ga kuma maganar wuta. Arewacin ƙasar nan ya dogara ne da madatsar Lagdo, wadda aka gama a 1982, kuma kowa ya san in ruwa ya ja baya da rani sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Na sha wucewa ta layin kafintoci in tarar da samari zaune a kan benci suna danna waya, injuna sun yi tsit, aiki na jira. Dattijon da ke ƙarshen layin, mai akwati, shi kaɗai ake jin motsinsa.

A Amurka, mutum in kaya sun yi masa yawa ko tsohonsa ya rasu, sai ya shimfiɗa su a ƙofar gida ranar Asabar, ya manna wa kowane farashi, maƙwabta da masu wucewa su saya. Har akwai wata irin wannan kasuwa da ake ci duk watan Agusta tun 1987, akasarinta a bakin hanya mai lamba 127, daga Michigan har Alabama, tafiyar fiye da kilomita dubu. A Faransa ma haka, kusan kowane ƙauye na da ranar fito da tsofaffin kaya, birnin Lille kuma na cika maƙil a ƙarshen makon farko na Satumba. Masu neman tsofaffin kayan aiki suna yin sammako zuwa irin waɗannan wurare. Abin da ya rage bayan sun tsince, wani ɓangarensa shi ake lodawa a kwantena ya sauka Duwala, ya ƙare a shagunan da muke kira burokant. Ka ga abin dariya: muna biyan kuɗi mai kauri mu sayi gudumar kakan Bafaranshe, muna tura ta kakanmu a narka.

Ba na cewa mu kwaikwaye su. Bahaushe ba zai baje kayan ubansa a ƙofar gida ba, kafin azahar gari ya ɗauka cewa gidan ya karye. Amma muna da hanyarmu ta rufin asiri tun kaka da kakanni. Mace in tana son sayar da kwanukanta ko zannuwanta, dillaliya take kira, a ɗauka cikin lulluɓi, a kai inda za su yi daraja, ba wanda ya ji. Shanu na da dillalai, goro na da su, gidaje na da su, a fadar Lamiɗo har Sarkin Shanu da Sarkin Fawa akwai. Kayan aiki ne kawai marayu, ba su da mai faɗin darajarsu sai sikeli.

Kuma ba gidan tarihi nake nema musu ba. A can akwai masu tara su don kallo. Akwai akwatin wani maƙerin fiyano na Massachusetts mai suna Studley, da ya tsara wajen kayan aiki 300 a cikinsa, kowane da gurbinsa, har aka taɓa ajiye shi a gidan tarihi na Smithsonian a Washington mutane na zuwa kallo. Madalla da su, sun ƙoshi. Mu nan akwati in ba a hannun mai aiki yake ba, gara ce za ta gāje shi.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce yaran feray ma abinci suke nema, kuma gaskiya ne. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. An kira su, sun auna, sun biya. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, kuma a nan warin ya fi satar yawa. Za a ce ba duk tsohon abu ne mai kyau ba, wannan ma haka ne. A cikin sufana biyar ɗin nan biyu bakinsu ya buɗe, na mayar wa Alhaji ya auna. Rabon ƙarfe in jikinsa ya tsage a gefen baki, ka bar shi, ba ya ɗinkuwa ya koma daidai. Za a kuma ce kayan Sin sun taimaki talaka, wanda da ba zai iya mallakar guduma ba yanzu ya mallaka. Ban musa ba, a cikinsu ma akwai masu kyau in ka biya kuɗinsu. Sai dai wanda ya sayi filaya sau huɗu a shekara ya san araha ba ta ado. Duk waɗannan maganganu ba su taɓa abin da nake faɗa ba. Ban ce kada a sayar ba. Cewa na yi a kira wanda ya sani ya duba tukuna, ya ware mushe daga mai rai.

Malamanmu masu rabon gado su ne a gaba a wannan magana. Sun fi ni sanin irin kashedin da addini ya yi a kan dukiyar maraya. In an sayar da abin dubu talatin a kan dubu uku saboda ba a tambaya ba, wa zai amsa? Modibbon da ba zai yarda a yi wa akuya kuɗi ba tare da dillali ba, bai kamata ya bar akwati ya wuce a gabansa da kalmar "tarkace" ba. Ya ce a dakata, a aika layin kafintoci ko garejin unguwa a ɗauko dattijo ɗaya. Aikin rabin yini ne. Shugabannin ƙungiyoyin masu sana'a kuma su sa wannan cikin aikinsu: in ɗansu ya rasu, bayan ta'aziyya su gaya wa iyalin cewa in za a sayar da kayan, su za su yi musu kuɗi, kuma a fara tallata wa yaran marigayin da ya koyar.

Domin masu buƙata suna nan birjik. Duk shekara makarantun koyon sana'a, su SAR/SM da CETIC, suna sallamar yara da takarda a hannu, rumfunan unguwa ma suna yaye nasu. A da, maigida in zai yaye yaro yakan haɗa masa zarto da guduma da rabo ya sa masa albarka. Yanzu maigidan kansa da ƙyar yake riƙe da nasa. Yaro ya shekara biyar yana koyo, ya fito ba shi da ko ƙusa, sai ka gan shi a kan mashin ɗin haya yana kabu-kabu, wai kafin ya tara kuɗin kaya. Kaɗan ne ke dawowa.

Su ma dattawan masu sana'a ina da magana da su, cikin ladabi. Baba, in ka san a cikin 'ya'yanka ba mai bin sawunka, kuma akwai yaron da ya yi maka hidima shekara da shekaru, ka faɗa tun kana da numfashi, a gaban shaidu, ko ka sa a rubuta. Shari'a ta ba ka damar yin wasiyya ga wanda ba magajinka ba, matuƙar ba ta wuce sulusin dukiyarka ba, kuma da wuya akwatin aiki ya kai sulusi. Ko ka ba shi kyauta ya karɓa a hannunsa kana gani. Magana a cikin rumfa tsakanin ku biyu ba ta tsayawa a zaman gado.

Na san haka ne domin a ranar da aka auna kayan Kawu, akwai wani da ke tsaye a bakin zaure, shi ma bai ce komai ba. Yaronsa ne na ƙarshe, wanda ya yi jinyar rumfar lokacin da ciwo ya kwantar da shi. Sai bayan shekaru, da na neme shi ya duba mini aikin da na yi wa rabon Stanley, yake gaya mini cewa Kawu ya sha ce masa akwatin nasa ne. Na ce me ya hana shi magana. Ya ce, "Yaya, wa zai yarda? Ni bare ne." Tun daga lokacin aikin yini yake yi a rumfunan mutane, da kayan mutane.

Na so in ba shi akwatin da na gyara kyauta, ya ƙi. Muka shirya zai biya kaɗan-kaɗan, abin da na kashe kawai. Ya canza wa akwatin gindi da katakon dogon yaro saboda gara, ya kafa 'yar rumfa a Yelwa, yanzu har da yaro ɗaya a gabansa.

Da damina ƙofar ɗakina ta kumbura ta daina rufuwa. Na aika ɗana ya karɓo mini rabon na yini ɗaya. Yaron ya dawo hannu biyu, yana dariya, ya ce an ce a tambaye ni ina na taɓa jin an ba da aron rabo. Bayan la'asar sai ga kafintan da kansa, da rabon a naɗe cikin tsumma. Ya cire ƙofar, ya ɗauke mata abin da bai kai kaurin farce ba, ya mayar. Na miƙa masa kuɗin aiki, ya ce in cire a cikin bashi. Saura sefa dubu huɗu.